Ranar da Likita Bai Taɓa Gani Ba

Gonar Mulgarra, Agusta

Bron 'yar uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Trevor da yaran, da fatan sanyin Brisbane bai takura muku ba, in ma abin da kuke yi can ya kai a kira shi sanyi. Mu nan kwanon ruwan karnuka da ƙanƙara yake wayar gari.

Kar ki yi dariya don kin ga wasiƙa. Waya ce ta gagare ni. In na ja magana numfashina yankewa yake, in na ƙura wa fuskarta ido kaina ya ɗau sara. Takarda kuwa sai in ajiye ta, in kwanta, in dawo in ci gaba. Wannan ma tun shekaranjiya nake rubuta ta.

Kin tambayi abin da likita ya ce. Wanne daga ciki? Kin dai san asibitin Bindarra ba ya riƙe likita, kowane wata sabuwar fuska, kowa kuma sai na faro masa labarin daga tushe. Yaushe kika yi koronar? Bara, lokacin haihuwar tumaki. Ta kwantar da ke? A'a, mura ce da zazzaɓi na sati guda, sai dai tun daga nan ban koma daidai ba. An tura ni wajen likitan zuciya a Toowoomba, ya ce zuciyata ta budurwa ce, in je in ga na huhu. Na huhu ya ce huhuna fes, wataƙila zuciya ce. Na ce ai daga can nake. Ya ce shi takardar ba ta iso shi ba.

Na wannan watan yaro ne ƙarami, mai ladabi. Na huta kwana biyu kafin ranar don in iya tuƙin, na wanke kai, na sa koriyar rigar nan da ɗan jan-baki, tunda Mama ba ta taɓa barinmu shiga gari da kayan gona ba. Ya ce, "Yaya jikin, Misis Prewitt?" Na ce ba laifi. To me zan ce wa ɗan mutane? Ya duba gwaje-gwajen, duk lafiya lau. Sai ya kalli zoben hannuna, ya sassauta murya ya ce yaushe maigidan ya rasu. Bron, wai kewar Merv ce! Mutumin da ya yi shekaru a ƙasa, askin tumaki nawa da haihuwa nawa na yi ni kaɗai bayansa ban kwanta ba? Na yi godiya na fito. Kwana biyu da dawowata ko cokali na kasa ɗagawa.

Ga abin da ke ci mini rai. Tumakin nan ba su san ciwo ba. Sai an zagaya rijiyoyi an duba kwamin ruwansu, ko ana iyawa ko ba a iyawa. Wal Tuckey maƙwabcina yana yi mini zagayen in na kasa, amma shi ma ga nasa garken, ga gwiwa. In ban miƙe ba kafin zafi ya shigo, ba zan iya riƙe garken ba, kuma ban san me zan zauna yi a nan ba in babu su.

Sati guda ke nan ban yi magana da kowa ba sai Biddy, ita kuwa kariya ce, ba ta da ra'ayi.

Ki shafa mini kan yaran.

Yayarki,
Noely

Brisbane, Satumba

Tsohuwa,

Gaisuwa da yawa. Na iso gida lafiya, sai dai bayana har yanzu yana tsine wa hanyarku. Trevor ya cinye kek ɗin da kika ba ni a zama ɗaya, ya ce in gaya miki shi bai ga alamar ciwo a ciki ba.

To ni ma haka, Noely, kuma kin san ni ba na iya ɓoye magana. Na karanta wasiƙarki hankalina ya tashi, na ɗau hutu, na kwana a hanya, ina zaton zan tarar da ke a shimfiɗe. Me na tarar? Ƙafar rago a gashe, dankali, kek iri biyu, an wanke labule, har da furanni a ɗakina. Da yamma kika ɗauke ni a a-kori-kura muka je ganin 'yan raguna, kina buɗe ƙofofin shinge da kanki, kina yi mini tsiya wai na manta yadda ake ɗaure sarƙa. Washegari kika raka ni bakin titi kina ɗaga hannu. Wannan ce matar da ba ta iya ɗaga cokali?

Ban ce ƙarya kike ba. Na ce zaman kaɗaici ne ya yi miki yawa. Mutum ya wuni daga shi sai kariya da rediyo, dole ya riƙa sauraren bugun zuciyarsa. Likitoci nawa suka duba ki? Duk su haɗu su yi kuskure ɗaya? Ni na yarda da yaron likitan nan. Kin riƙe mutuwar Merv a ciki ba ki yi kuka ba, yanzu ta sami ƙofa.

Ki tashi ki motsa jiki. Ki riƙa taka ƙafa zuwa rumfar askin tumaki kullum da safe, gobe ki ƙara nisa. Ki koma taron matan ƙauye na ranar Laraba, ko don gulmar. Kwanciya ita ke jawo kwanciya. Mu 'ya'yan Mama ne, ita da ta haife ni da safe ta dafa wa masu aski abincin dare.

Ki yi fushi in kin ga dama, na san za ki huce.

Ƙanwarki mai baki,
Bron

Gonar Mulgarra, Oktoba

Bron,

Na sami taki. Ina fatan kuna lafiya.

Na yi fushin, kuma ban gama hucewa ba. Da motarki ta ɓace na koma ciki, na kwanta a ƙasan falo, don gado ya yi mini nisa. Jibin ranar ko hasken taga ba na iya kallo. Amma wannan ba ki gani ba, ba wanda ya taɓa gani, kullum sai kowa ya watse yake zuwa. In na faɗa kuma sai ya zama kamar ƙorafi.

Duk da haka na zauna na yi tunani. Ke da likitoci bakinku ɗaya, ni ce kaɗai a gefe, to wataƙila ni ce. Na fara takawa zuwa rumfar kamar yadda kika ce. A dawowa nakan zauna a kan tsohuwar tayar nan har sau biyu, zuciyata tana dukan ƙirji kamar za ta fito, Biddy tana kallona. Na ce wa kaina haka motsa jiki yake da farko.

Masu aski za su zo ranar Litinin. Mai dafa musu abinci ta karye a hannu, shugabansu ya bugo yana ta kame-kame, wai ko kowa ya zo da burodinsa a leda. A Mulgarra? Rumfar da tun zamanin Baba masu aski ke rige-rigen zuwa saboda abincinta? Su je Bindarra su ba da labari a mashaya cewa Noelene Prewitt ta ciyar da su burodin leda? Na ce ya bar zancen, ni zan dafa. Karin kumallo, shayin hantsi, abincin rana, shayin la'asar, na dare, sati guda cur. Kin ce in tashi, to ga shi na tashi.

Wal zai tafi Longreach auren 'yarsa da zarar an gama askin. Ya tambaye ni ko ya nemo wanda zai yi mini zagayen ruwa kafin ya dawo. Na ce ya tafi abinsa, na samu sauƙi.

Ki gaida Trevor, ki ce masa kek ɗin da ya ci kwana uku na biya shi a kwance.

Noely

Gonar Tuckey, Nuwamba

Misis Hallam,

Bayan gaisuwa. Ni ne Wal Tuckey, maƙwabcin yayarki. Ban iya rubutu mai tsawo ba, kuma lambarki tana cikin wayar Noelene, ita kuma ta ce kar a kira ki. Ba ta ce kar a rubuta ba.

Tana raye, wannan ne na farko. Matata tana wajenta.

An yi aski lafiya. Na gan ta da idona tana ɗauko tire zuwa rumfa, tana wasa da yaran, shi ya sa na tafi bikin hankalina kwance. Bayan tafiyar masu aski jikinta ya ɗauke gaba ɗaya. Mai kai saƙo ne ya ga wasiƙun Talata suna nan cikin durom ɗin da ake zuba mata wasiƙu har ranar Juma'a, sai ya shiga gidan. A ƙasan kicin ya same ta, kusa da famfo, ta jawo bargo. Ta iya kai hannu ta sha ruwa, ta buɗe wa kariyar buhun abinci. Waya tana ɗaki, ta ce ta yi ta niyyar zuwa ta ɗauko ta.

A kwanakin nan injin rijiyar filin yamma ya tsaya. Zafi ya shigo da wuri bana, kuma can aka zuba tumakin da aka aske, masu shayarwa. Na same su a jibge jikin kwamin. Waɗanda suka rage da rai na kora su filin gida. Sauran na haƙa musu rami da tarakta. Ban ƙirga ba, kuma na ce mata kar ta tambaye ni.

Na san Noelene tun tana hawan doki ba sirdi. Ban san sunan abin da ke damunta ba, amma macen da za ta ji tumakinta suna kukan ruwa ta kasa tashi, ba ƙyuya ba ce.

Ki zo, kuma in kin zo ki kwana biyu, kar ki juya washegari.

Na gode.
W. Tuckey

Brisbane, Disamba

Noely tawa,

Na iso jiya, kowa lafiya, suna gaishe ki. Kin ce in rubuta miki yadda aka yi, don kanki ba ya riƙe magana yanzu, kuma rabin ranar idonki a rufe yake. To ga shi, ki karanta kaɗan-kaɗan.

Da na zo kin ɗan farfaɗo. Ina shigowa kika miƙe za ki ɗora mini shayi, har kika share baranda ina wanka, munafuka. Na ce a raina, ga shi nan, Wal ne ya zuzuta. Washegari ma da dama-dama. Ran na uku na shigo da shayi na same ki fuska ta yi toka, ina magana kina runtse ido kamar ina jifanki. Na tambaye ki sunan kariyarki, kika daɗe kina nema. Na fita baranda na yi kuka. Ni ce na ce ki tashi ki motsa jiki, kuma ba sai kin tuna mini ba.

Amma ke ma da naki, kuma sai na faɗa. Na kira asibiti aka ce akwai sabuwar likita, Dakta Perera, wadda ta zo zama, har ta sa 'ya'yanta a makarantar Bindarra. Na ce yau za mu zo. Kika buɗe ido ɗaya kika ce, "A bari sai jibi, in na ɗan warware." Na ce don me? Kika ce, "Ba zan je wajen likita a haka ba." Noely! Shekara guda da rabi kina hutawa, kina wanka, kina shafa jan-baki, kina kai wa likitoci matar da ba ta da ciwo, marar lafiyar kuma kina barinta a gida. Da me za su gane?

Kika ce in miƙo miki koriyar rigar. Na ce a'a. Kika ce, "Da rigar barci zan shiga gari? Gara ki haɗa ni da tumakin a ramin Wal." Na ce ramin ya cika. Ni da matar Wal muka shimfiɗa katifa a bayan mota, muka ɗauke ki kina zaginmu ƙasa-ƙasa.

Likitar ta fito har wajen mota. Ta ce, "Yaya jikin?" Wallahi kika buɗe baki kika ce, "Ba lai..." Na daki ƙofar motar na ce, "Dakta, kar ki saurare ta, mutanen nan ko ƙafarsu ta cire haka za su ce miki." Ta yi dariya, ta ce a ƙauyen su babanta ma haka ne. Sai ta sake tambayar. Ta ce, "In kin yi aiki yau, yaushe kike biya?" Kika ce jibi. Ta ce kullum? Kika ce kullum. Ba wanda ya taɓa yi miki wannan tambayar.

Ta auna bugun zuciyarki kina kwance, sannan muka tsayar da ke jikin bango ta ci gaba da aunawa. Kafin wani lokaci bugun ya haura sama, ƙafafunki suka yi jawur, muka tare ki. Ta ce duk gwajin baya a zaune ko a kwance aka yi miki, kuma a ranar da kika fi ƙarfi. Ta ce ciwon jiki ne, ragowar korona ce da ke daɗewa a jikin wasu, kuma tura kai da ƙarfi ƙara shi yake yi. Sai kika ce, "Ashe ba haukacewa na yi ba."

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ta ce daga yau ita ke riƙe da ke. Ta nemo takardun likitan zuciya da na huhu ta haɗa wuri ɗaya, kuma a watan gobe za ta tara su duka ta bidiyo tare da wata mai koyar da yadda ake tattalin ƙarfin jiki, su yi magana da juna kina ji. Ba za ki ƙara tuƙi zuwa Toowoomba don ki ba da labari daga tushe ba. Kafin nan ki sha ruwa da yawa da ɗan gishiri yadda ta nuna miki, ki sa safar nan mai matse ƙafa da na saya miki ko ta yi muni, ki kuma ajiye aiki tun ba ki gaji ba.

Ɗakin baya yana nan in za ki dawo wajenmu, Trevor ya kwashe kayan kamun kifinsa. Ki yi tunani.

Taki,
Bron

Gonar Mulgarra, Janairu

Bron,

Gaisuwa gare ku duka. Na gode da safar, na yi kama da Goggo Beryl, sai sanda ta rage.

An yi taron. Matar Wal ta kawo kwamfutarta ta jingina mini a kan matashi, na ga kawuna huɗu a jere. Na zuciya da na huhu ashe ba su taɓa jin muryar juna ba. Na zuciyar ya ce da ya san da maganar tsayuwar da ya auna tun farko, ya kuma ba da wani magani mai rage gudun bugun. Yana taimakawa. Yanzu ina iya tsayawa in wanke kofi biyu ba tare da ɗakin ya juya ba. Na ji daɗi ƙwarai da na ga mutane suna gardama a kaina, ni ina kwance ba na bayanin komai.

Da sauran suka sauka na tambayi Dakta Perera abin da ya dame ni. Na ce yaushe zan koma zagayen ruwa? Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce wasu suna samun sauƙi sosai a hankali, wasu kaɗan, ba ta san wacce ce ni ba. Ta ce amma wannan zafin, da mai zuwa ma wataƙila, ba zan iya ɗaukar ran dabba a wuyana ba, don ranar da za su buƙace ni tana iya zama ranar da ba na tashi. Na ce na sani, na riga na gani.

Wal ya ce zai karɓi sauran garken ya haɗa da nasa, ya riƙe filayen, ni in zauna a gidan. Tun bayan abin nan shi ke zagayen duka, ya rame, gwiwar ta kumbura. Ban ba shi amsa ba tukuna. Jinin tumakin nan daga na Baba ya fito, Bron. Ni na zaɓi uwar kowace.

Brisbane kuwa a'a. Na gode wa Trevor. Likitata tana nan, kuma karon farko ke nan da nake da wadda zan kira tawa.

Na daɗe ina neman wanda zai yarda ba ni da lafiya. Yanzu kowa ya yarda. A Bindarra ko ƙofar kanti ba a bari in tura, ba mai tambayata farashin ulu ko yaushe ruwa zai sauka, sai yaya jiki. Ban zaci abin zai zo da irin wannan kaɗaicin ba.

Sai na sake samun ƙarfin rubutu.

Noely

Gonar Mulgarra, Maris

Bron,

Ina gaishe ku.

Na amince wa Wal. Jiya da hantsi ya kora tumakin. Na zauna a baranda, ban sauka ba. Sun bi ta gaban gida, sun daɗe suna wucewa, wasu na gane su. Biddy ta yi ta kai-komo tsakanina da ƙofar shinge tana kuka, sai na ce mata ta tafi. Wal zai riƙe ta, kariyar aiki ce.

Jikin da sauƙi kaɗan. Maganin yana yi, likita ta ce ina bin ƙa'ida.

Gidan ya yi shiru, ban san haka yake ba. Ba abin da ya lalace, ba abin da za ki zo ki gyara, ba kuma wajen likita za ki kai ni ba. Kewa ce kawai take damuna. Don Allah ki zo.

Yayarki,
Noely